Shagon masu zane na Bukoki: abin da na saya da abin da na tarar

A unguwar Bukoki ta birnin Yamai, cikin wani lungu da ba shi da nisa da kasuwar Katako, akwai wani ƙaramin shago mai ƙofar ƙarfe wanda na shafe wata biyar ina kai da komo a cikinsa, kuma ina ganin ya dace in bayyana abin da na tarar, mai daɗin da marar daɗin, saboda masu ƙaunar fina-finan zane mai motsi da littattafan labarin zane, waɗanda ƴan lakwal suke kira bede. Shagon ba shi da allon suna. Alamarsa ita ce wani ƙaton kwaɗo da aka zana da baƙin fenti a jikin bango, yana tsaye da ƙafa biyu, ya buɗe ƙirji kamar sarkin da ake buga wa take. Wannan kwaɗon ne ya sa na taka birkin babur ɗina a ranar farko, alhali kuwa kwanon rufi na fito nema a Katako.

Ni mutumin Tahoua ne, kuma a wurinmu kwaɗo mai tafiya da ƙafa biyu yana tuno mana da mutum guda, wato marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a garinmu yana aikinsa na zane da ƴan tsana har kusan ƙarshen rayuwarsa. Da na tambayi mai shagon, wani matashi mai sanyin magana da bai wuce shekara 35 ba, ko da gangan ya zaɓi kwaɗo, sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Baba, ai saboda marigayi na zana shi, amma tun da na buɗe shagon nan kai ne mutum na uku da ya gane." Wannan amsa ta faranta mini rai, ta kuma sosa mini zuciya a lokaci guda, domin mutumin da muke magana a kansa yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. An haife shi a 1942, ya fara da aikin kanikanci, ya koyi sarrafa na'urar ɗaukar fim a nan Yamai tare da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fina-finai, sannan ya je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan sana'a a duniya. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966, kuma a wannan shekarar ce ya fito da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na kimanin minti biyar a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, da faretin soja da jan tabarma da duk wani abin da aka saba gani a irin wannan tafiya. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2024 aka sa sunansa a cibiyar al'adun nan ta Yamai da a da ake kira ta Faransa da Nijar. Duk da haka yaran da suke wucewa ta ƙofar cibiyar kullum, da yawansu sun haddace sunayen jaruman katun na Japan, amma ba su taɓa ganin kwaɗin Alassane ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. A hannun dama akwai kantocin katako cike da littattafai, kusan dukkansu na hannu ne, an tattaro su daga masu shimfiɗa littattafai a ƙasa da kuma gidajen da yara suka girma suka bar su. A hannun hagu an manna manyan hotuna masu launi na sayarwa. Can ƙurya kuma, kusa da taga, akwai teburin aiki, kuma wannan teburin shi ne ainihin dalilin da zai sa mutum ya zo nan ya bar sauran wurare.

Game da littattafan ba ni da ƙorafi mai yawa. Farashinsu yana kamawa daga jika ɗaya da rabi zuwa jika shida gwargwadon lafiyar bango da cikar shafuka, kuma mai shagon yana buɗe kowane littafi a gabanka ya nuna maka inda ya yage ko inda ruwa ya taɓa kafin ku yi ciniki, abin da ba kasafai na gani ba a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya biyan dala ashirin ya zauna a kan benci ya karanta har a kira sallar magariba. A cikin wani kwali na tarar da tsofaffin kofe na mujallar Kouakou, wadda aka fara bugawa a 1966 domin yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma ita ce labarin zane na farko da na taɓa riƙewa a hannuna ina ɗan lakwal a Tahoua, muna karɓa-karɓa mu goma a kan kofe ɗaya har takardar ta yi laushi kamar tsumma. Na sayi uku. Akwai kuma littattafan Japan da aka fassara zuwa Faransanci, waɗanda ake buɗewa daga dama zuwa hagu, kuma na lura cewa wannan tsari bai dami yaranmu ba ko kaɗan, tun da duk wanda ya riƙe allo a makarantar malam ya riga ya saba da bin rubutu ta wannan hanya.

Bangon hagu ne ban gamsu da shi ba, kuma na faɗa wa mai shagon haka ido da ido kafin in rubuta a nan. Hotunan da ke wurin an sauko da su ne daga intanet, an buga su a takarda mai sheƙi, ana sayar da kowanne dala ɗari, kuma su ne suka fi fita, domin kuwa da kuɗinsu ake biyan hayar shagon. Ban ƙi wannan ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da na ƙi shi ne babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunan wanda ya zana shi, wasu ma an datse gefen da sa hannun mai zanen yake domin hoton ya daidaita da girman takarda. Yaro zai sayi hoton jarumin Dragon Ball ya manna a ɗakinsu, ya san sunan jarumin da na abokan gabarsa da irin ƙarfin kowa, amma bai san cewa akwai wani mutum mai suna Akira Toriyama da ya fara zana wannan labari a 1984, ya kuma rasu a 2024 ba. Haka na ga wata yarinya ta ɗauki littafin Aya de Yopougon, wanda ya fara fitowa a 2005, ta faɗi sunan marubuciyar, Marguerite Abouet, ba tare da tuntuɓe ba, amma da na tambaye ta wanda ya zana fuskokin da suke ba ta dariya da titunan Abidjan da take kallo, sai ta yi shiru, alhali sunan Clément Oubrerie yana nan a bangon littafin kusa da na marubuciyar. Mu Hausawa ba mu saba da irin wannan mantuwa ba a sauran sana'o'inmu. Idan aka ga babbar riga mai aiki ana tambayar hannun wane ne, idan aka ji kiɗan kokowa ana sanin makaɗin tun kafin ya buɗe baki, idan aka ga sirdi mai kyau ana ambaton badukun da ya ɗinka shi. Ban ga dalilin da zai sa mai zane kaɗai ya zama kamar ba shi da uwa ba shi da uba ba, kuma shagon da masu zane suke riƙe da shi ya fi kowa cancantar gyara wannan. Mai shagon ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Gaskiya ne, Baba, laifinmu ne." A zuwana na baya-bayan nan na ga ya fara rubuta sunaye da alƙalami a bayan wasu hotunan, amma waɗanda aka rubuta ba su kai rabi ba.

Teburin aikin kuwa wani abu ne daban. Mutum uku suke zama a kansa: mai shagon, da wani ƙanensa, da wata budurwa ɗalibar jami'a wadda take zuwa da yamma, kuma ita ce ta fi su iya sa launi. Suna zana hoton mutum daga hoton waya, suna zana katin biki da na suna, suna yi wa masu shaguna tambari, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne suna karɓar labari su mayar da shi labarin zane. Na kawo musu wata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kakata take yi mana da dare a tsakar gida, ina so in ba ƴata ta ƙarshe ranar da za ta cika shekara tara, muka daidaita a kan shafi huɗu masu launi a kan jika goma sha biyar, na ba da rabi.

Kafin ya taɓa takarda sai da mai shagon ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyin da ban zata ba. Ya tambaye ni ko Gizon kakata gizo-gizo ne mai ƙafa takwas ko mutum ne siriri mai wayo, domin a cewarsa kowane gida da yadda yake ganin Gizo. Ya tambaye ni ko bukkar da ke cikin labarin ta kara ce ko ta laka, da irin rumbun da muke yi a yankinmu na Adar, da ko Ƙoƙi tana ɗaura ɗankwali ko kanta a buɗe yake da kitso. Da na ce masa rumbunan wajenmu na laka ne masu ƙaton ciki kamar tulu, sai ya zana guda uku da fensir a gefen takarda ya ce in nuna wanda ya fi kama da na gidanmu. A nan na gane bambancin mai zane da mai kwaikwayo. Na sha ganin zanen matasanmu inda ake ba Bahaushe manyan idanu da tsinin haɓa irin na katun ɗin Japan, a sa masa hula kawai a ce an zana ɗan ƙasa. Wannan matashi yana da tasirin Japan a hannunsa, musamman wajen nuna gudu da faɗuwa, ba ya kuma ɓoye hakan, amma mutanensa namu ne: yadda tsoho yake tsugunawa a kan dugadugansa, yadda mace take karkata wuya idan ta ɗauko tulu, yadda ɗan talla yake riƙe faranti da yatsa uku. Ya ce mini yakan je bakin Katako da safe ya zauna da kaye, wato littafin rubutu, yana zana masu turin kura da masu sauke buhuna, kuma na yarda, domin irin wannan ba a samunsa a intanet.

Na ga aikin a matakai uku. Da farko zanen fensir mara nauyi, inda ya raba kowane shafi gida-gida ya tsara abin da ido zai fara gani da inda zai ƙare. Sai ya bi da baƙar tawada da ɗan siririn burushi, kuma a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin layinsa yana kauri yana sirancewa a tafiya ɗaya, ta yadda bayan Gizo yake nuna sanɗa tun kafin ka karanta abin da yake faɗa. Daga nan budurwar ta sa launi da fentin ruwa. Ta zaɓi jan ƙasa da ruwan toka da rawaya mai duhu, launin ƙasarmu a ƙarshen kaka, ta bar shuɗi sai a wuri ɗaya tak, a zanen Ƙoƙi, saboda ido ya riƙa bin ta daga gida zuwa gida. Shafi na uku, inda Gizo ya maƙale a bakin rumbu cikinsa ya cika da hatsin sata, ba shi da kalma ko ɗaya, kuma shi ne ƴata ta fi daɗewa a kansa. Ta ce, "Baba, dubi ƙafarsa, tana rawa." Ƙafar ba ta motsi, layuka uku ne kawai aka ja a gefenta, amma yarinyar ta ga rawar.

Sai dai aikin bai zo ba tare da ɓacin rai ba. An yi mini alkawarin mako biyu, na karɓa bayan mako biyar, ranar haihuwar yarinyar ta riga ta wuce. Na je sau uku ana ce mini gobe, kuma ba a taɓa kirana a waya an sanar da ni ba sai na taka da ƙafata. Na fahimci cewa aikin katin biki yana shigowa da gaggawa kuma shi ne mai kuɗi a hannu, amma alkawari kaya ne, kuma da an ce mini wata ɗaya tun farko da na shirya. Duk wanda zai ba su aiki na wata rana takamaimai, ya ƙara mako uku a kan abin da suka faɗa masa.

Kuskure na biyu ya fi damuna. Maganganun da ke cikin kumfar bakin mutanen an buga su ne da kwamfuta aka manna, kuma duk haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, Ƙoƙi ta koma Koki, ɓarawo ya koma barawo, ƙofa ta koma kofa. Mai shagon ya yi karatunsa da Faransanci, yana jin Hausa kamar kowa amma bai taɓa koyon rubuta ta ba, kuma wannan halin dubban matasanmu ne. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ina ganin masu irin wannan sana'a suna da babbar dama a gabansu, domin a duk kantocin shagon ban sami littafin labarin zane ko ɗaya da Hausa ba, kuma iyaye irina suna nema. Amma damar ba za ta yi amfani ba idan yaro zai koyi karatu da rubutun da ba ya bambanta ƙ da k. Na zauna da shi muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ɓamɓare abin da ya manna, ya sake rubutawa da hannunsa, bai karɓi ƙarin ko dala ba. Rubutun hannun ma ya fi dacewa da zanen nesa ba kusa ba, kuma shawarata ga duk mai ba da aiki ita ce ya nemi a rubuta masa da hannu, ya kuma duba kalmomin tun suna fensir.

Ranar Asabar da safe shagon yana komawa aji. Yara kamar goma suke zuwa, kowanne da dala hamsin, a ba su takarda da fensir. Na kai ƴata sau huɗu, na kuma zauna a benci na kalla. Darasin farko shi ne ɗan ƙaramin littafi na takardu talatin da ake zana ƙwallo a kowane shafi, ana ɗan gusar da ita kaɗan-kaɗan, sannan a saki shafukan da babban yatsa sai a ga ƙwallon tana tsalle. Mai shagon ya haɗa wani akwati da gilashi a sama da fitila a ciki, wanda yake ba yaro damar ganin zanen da ya gabata ta cikin sabuwar takarda, kuma da kansa ya ƙera shi da katakon Katako. Ya yi musu lissafin da nake so kowane mai kallon katun ya sani: fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma ko da an ɗauki kowane zane sau biyu kamar yadda aka saba domin rage wahala, ana bukatar zane 12 a daƙiƙa, wato 720 a minti ɗaya. Wani yaro da ya gaji a shafi na goma sha biyar ya ɗaga kai ya tambaya ko da gaske mutane ne suke zana duk wannan, aka ce masa mutane ne. Tun daga ranar ƴata ba ta yarda a kashe tele idan fim ya ƙare sai sunayen da ke hawa a ƙarshe sun wuce.

A mako na uku suka koma ƴan tsana na yumɓu da wayar ƙarfe da ƙyalle, ana matsar da hannu kaɗan a ɗauki hoto da wayar salula, a sake matsarwa a sake ɗauka. Da wannan dabarar Alassane ya yi Kokoa, fim ɗinsa na kokowar gargajiya wanda ƴan kokowarsa dabbobi ne, kuma zaɓin kokowa ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya zauna a Tahoua, garin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Mai shagon ya nuna wa yaran wani yanki na fim ɗin a wayarsa, su goma a kan ɗan ƙaramin gilashi, kawunansu a haɗe. Wannan ma rauni ne na ajin, domin babu babban allo, babu fanka mai aiki idan wuta ta ɗauke, kuma ɗakin yana da zafi ƙwarai daga ƙarfe goma sha ɗaya. A lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ta taga ta kwanta a kan littattafai da zanen da bai bushe ba, har na ga wani aiki da ƙura ta ɓata launinsa aka sake. Labule mai kauri da ƴan ledoji na rufe littattafai za su rage wannan, kuma ba su da tsada.

Ga wanda yake da jika biyar kacal yana tunanin abin da zai saya, ni dai ba zan kashe su a bangon hagu ba. A cikin wani babban fayil da ke ƙarƙashin teburin akwai zanen hannu na asali da su ukun suka yi don kansu, ba a rataye su ba sai ka tambaya: masu wanki a bakin kogin Kwara, raƙuman dawa na Kure, wani mai shayi yana ɗaga buta sama, ƴan kokowa biyu sun sarƙe kafin kaye. Kowanne yana da sa hannu da kwanan wata a ƙasa, kuma ana ganin sawun fensir a ƙarƙashin tawada. Na sayi na mai shayin a kan jika huɗu, na budurwar ne, na kai wa mai gilashi ya ɗaure mini shi.

Shagon yana buɗewa da misalin ƙarfe tara na safe, yana rufewa na ɗan lokaci tsakanin azahar da la'asar, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko daga masallaci. Ba sa karɓar aiki ta waya, sai mutum ya zo da kansa an zauna. Na sake ba su tatsuniya ta biyu, ta kura da ɗan akuya, shafi shida a wannan karon, da sharaɗin rubutun hannu da sunayen su biyun a shafin farko, mai zane da mai launi. Sun ce mako uku, ni kuma na gaya wa ƴata ta sa rai bayan Sallah.